Sanusi, Kada Ka Musanya Ƙaramar Kamarar Nan

Daga mahaifinka, Malam Idi mai hoto, a Dakoro,
zuwa ga ɗana Sanusi, a gidan kawunsa Mamman, Maraɗi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da kawunka da iyalinsa baki ɗaya. Allah Ya tsare ka a gida da waje, Ya tsare ka daga ƴan kabu-kabun Maraɗi da ba su san birki ba, da abokan da ba su da sana'a sai zuga. Innarka tana gaishe ka. Ƙanwarka Rabi ce ke riƙe da biro, don idona ba ya ganin layin takarda yanzu. Na gaya mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta sassauta mini magana don jin nauyinka.

Za ka ce me ya hana in aiko maka da murya a waya. Na aiko, ba sau ɗaya ba. Kawunka ya gaya mini yadda kake sauraro: ka danna, ka ji sallama, ka mayar da wayar aljihu, ni kuma in yi ta magana a cikin wandonka. To ga takarda. Ka zauna ka karanta ta har ƙarshe, don abin da ya fi muhimmanci yana can ƙasa.

Kawunka ya kira ni ya ce ka je wurin wani mai shagon kamarori kusa da babbar kasuwa. Ya ce kun shirya za ka ba shi ƙaramar kamarar da na ba ka aro, wadda masu sayarwa ke kira birij, mai dogon ido guda da ba a cirewa. Za ka cika masa da abin da ka tara, shi kuma ya ba ka wata tsohuwar refleks, irin babbar tawa mai canza ido. Ya ce kun tsai da magana sai bayan Juma'a. Da na tambaye ka dalili, abin da ka iya gaya mini shi ne abokan aikinka na situdiyo suna ce mata abin wasan yara, kuma in ka rataya ta a wurin biki ba a ba ka kujera.

Sanusi, kujera ka tafi nema Maraɗi?

Ba zan ce maka babbar ba ta da kyau ba. Da ita na ci da ku. Amma kana shirin yin abin da na yi, da irin dalilin da na yi shi, shi ya sa raina ke ɓaci. Bari in gaya maka yadda ta kaya da ni.

Lokacin da na sayi babbar kana ƙarami, ko lakwal, makarantar boko, ba ka shiga ba. Ban tambayi kaina aikin da zan yi da ita ba. Na ga wani mai hoto daga Yamai ya zo da irinta, na ga yadda mutane ke ba shi hanya, shi ke nan. Na dawo da ita Dakoro da ido guda gajere, wanda ake haɗa ta da shi, don dogon idon daban ake sayensa, kuma mai shagon bai ga dalilin tuna mini ba. Aikin farko da na samu, wani Alhaji mai fataucin dabbobi ne ya ce in ɗauko masa hoton wani jan bijimi a kasuwa, zai aika wa mai saye a Najeriya. Ka san shanun Bororo, ka san ƙahonsu. Na sa farar babbar riga, na rataya kamara a wuya, na nufi garken. Da na leƙa sai na ga bijimin kamar akuya, don nisa. Na matsa. Makiyayin yana jingine da sandarsa, ko motsi bai yi ba, ya ce mini, "Kaɗo, tsaya nan. Shanun nan ba su san warinka ba."

Na ce masa ni aikina nake yi. Na ƙara matsawa, rigata tana kaɗawa, na danna, fulash ya tashi. Abin da zan iya tunawa bayan nan shi ne ina bisa amalanken harawa, ban san yadda na hau ba, hulata tana ƙasa bijimin yana shinshinar ta. Masu sayar da fura suka yi dariya har wata ta zauna a ƙasa. An daɗe a kasuwar nan ana ce mini Idi mai gudu. Hoton da na ɗauka kuwa, hanci ne da sararin sama.

Bayan shekaru, da ƙaramar ta shigo hannuna, ina tsayawa a inuwar itace can nesa, in jawo bijimi har in ga shaidar wuta da ke cinyarsa, shi bai ma san ina duniya ba. Makiyaya suka fara yarda da ni, don ba na firgita musu dabbobi. Ita ce wadda abokanka ke kira abin wasan yara. Ka tambaye su ko sun taɓa tsayawa gaban bijimin Bororo. Abin da nake so ka riƙe shi ne, aiki ke zaɓen kamara. Ka duba abin da za ka ɗauka, da nisan da za a bar ka ka tsaya, kafin ka duba abin da zai yi maka kyau a ƙirji. Ka je ka tambayi mai shagon nan ido nawa zai haɗa maka. Na san amsar, guda ne, gajere.

Innarka ta leƙo yanzu ta ce in gaya maka ka riƙa cin abinci da safe. Na gaya maka. Mu koma.

Bayan abin bijimi ban yi hankali ba, sai na ce gyaran shi ne in sayi dogon ido. Na saya. Yanzu ga jaka a kafaɗa kamar mai tallan magani. Aka yi kokowa a Kornaka bayan girbi, na tafi. Gaskiya a nan babbar ta nuna kanta. Tana kama mutum yana sama kafin ya faɗi, ka danna ta ɗauka nan take, ba ta tsaya tunani kamar ƙaramar. To amma ana cikin wasa sai ƴan kokowar suka gangaro kusa da ni, dogon ido ya yi musu yawa, na ce bari in mayar da gajeren. A tsakiyar fili na buɗe ta, bakinta yana kallon sama, daidai lokacin da wani ɗan kokowa ya ɗebi rairayi ya watsa don kuri. Na rufe, na ci gaba da aiki, ban ga komai ba.

Sai da na yi hoton wani ango a makon. Kowane hoto akwai baƙin ɗigo a goshinsa. A tsaye ɗigo, a zaune ɗigo, da abokansa ɗigo. Gwaggon angon ta jera hotunan a tabarma ta ce wane irin ƙuda ne wannan da ya bi ɗansu duk inda ya je. Maimakon in kai wa wanda ya sani, na ɗaga madubin cikinta na hura da baki. Ina cin goro a lokacin. Ba sai na gaya maka sauran ba. Da na ga na ƙara ɓatawa, na sa bakin rigata na goge. Haka ta tafi Maraɗi gyara ta yi zamanta, ni ina nan ba aiki. An wanke ta, amma ƙarcen da na yi mata yana nan har yau, a kusurwar sama ta hagu.

Ƙaramar ba ta san wannan ciwo ba, don ba a buɗe ta. A garinmu, inda kasuwa ta dabbobi ce kuma hanya rairayi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In ka riƙe mai canza ido, ka canza a cikin ɗaki. In babu ɗaki ka ba iska baya, ka sa ta ƙarƙashin riga, bakinta yana kallon ƙasa, ka yi sauri. Kada ka hura. Kada ka sa tsumma. Kuma ka daina cin cingam kana aiki, na gan ka. Wannan tsohuwar da ake son liƙa maka, ka san hannu nawa ta bi? Ka san wanda ya hura mata goro? Ka ɗauki farin bango da ita ka duba ɗigo? Ba ka yi ba. Ka rataya ta ka dubi madubi, na san ka.

Kada ka ɗauka ina wanke ƙaramar ne. Ita ma ta kunyata ni, ko in ce na kunyata kaina da ita. Tun babbar tana wurin gyara na samo ta, na ji daɗin rashin nauyinta, har na ga kamar ba abin da ba za ta iya ba. Aka kira ni suna a Ɗan Gulbi. Bayan an raɗa suna da safe, kakan uban jaririn, tsoho ne ƙwarai ba ya iya fitowa, ya ce a kawo masa jaririn ya gani, a kuma ɗauke su tare. Ɗakin ƙasa ne, taga ɗaya ƙarama an toshe ta da tsumma. Mata suka ce kada in kunna fulash a idon jariri, kuma sun yi gaskiya. Na duba allon kamarar na ga kamar ya fito. Na san ya kamata in ce a jawo tabarmar tsohon zuwa bakin ƙofa inda haske yake, amma na ji nauyin tayar da shi, kuma ana jira na a waje. Na danna na fita.

Da na wanke hoton, fuskar tsohon kamar an watsa mata tsaki. Ba ido, ba baki, inuwa kawai da farin gemu. Kafin damina tsohon ya rasu, kuma ba su da wani hotonsa. Jikan nasa har yau yana gaishe ni a kasuwa, bai taɓa tayar da maganar ba, ni ne ke kau da kai.

Mai gyara ya bayyana mini daga baya. Wurin da haske ke sauka a cikin babbar yana da faɗi, na ƙaramar kuwa bai fi farcen ƙaramin yatsa ba. Da rana ba ka gane bambanci sosai. Haske na raguwa sai ƙaramar ta fara kame-kame. A ɗaki, ko bayan la'asar sakaliya, babbar ce gaba, ba gardama. Ita ce kuma ke fito da fuskar mutum tas, ta narkar da abin da ke bayansa, irin hoton da ƴan birni ke so. Batirinta ma ya fi daɗewa, ka san yadda kuran, wutar lantarkin nan, yake yi mana. Ka ga ban ɓoye maka komai ba. Da wannan ka gaya mini a waya, da ka ce Baba aikin situdiyo na cikin ɗaki ne, hotuna suna fita da tsaki, da na saurare ka. Amma kujera ka ce. Kowace ka riƙe, in haske bai isa ba ka buɗe baki ka ce a matso ƙofa. Jin nauyi na ɗan lokaci ya fi abin da nake ji in na hango mutumin nan.

Yanzu wanda ya fi yi mini ciwo. Dogon idon ƙaramar yana da daɗi, har ya yi yawa. Kana nan ka ga abin da ke can, ba wanda ya san kana kallo. Wata ranar kasuwa na hango wani dattijo Ba'abzine a gefen raƙumansa yana shan shayi. Ya juya wa mutane baya, ya sauke amawalinsa zai kurɓa. Ni ina can wajen masu igiya. Na jingina da bango don kada hannu ya yi rawa, don in ka jawo ta har ƙarshe numfashinka ma girgiza ta yake yi. Na riƙe numfashi na ɗauka. Sanusi, ban taɓa yin hoto mai kyau kamar wannan ba. Na wanke shi babba, na kafa a bangon shago inda kowa zai gani.

A garin nan aka haife ni. Na san mutanen nan ba sa buɗe bakinsu a gaban jama'a, balle gaban surukai. Na sani sarai, kyan hoton ne ya rufe mini ido. Ba a jima ba dattijon ya zo shago da kansa, amawali har ƙarƙashin ido. Ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallon bangon. Ya ce mijin ɗiyarsa ya shigo nan yin hoton katin ɗan ƙasa. Ya ce tun da yaron ya auri ɗiyarsa bai taɓa ganin bakinsa ba, sai a bangona. Sannan ya gyara tsayuwa ya ce, "Malam, ga ni na zo da ƙafata. In hotona kake so, ɗauka yanzu. Wancan ka ba ni."

Na sauke na ba shi, na goge na cikin kamarar a gabansa. Sannan na ɗauke shi yadda ya tsaya. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Mutanensa sun daɗe ba su taka shagona ba, kuma ban ga laifinsu ba. Don haka ka ji ni da kyau. Idon kamara ya kai wuri ba shi ne an ba ka izini ba. Dabba ka jawo ta daga nesa. Mutum ka je ka yi masa sallama. Na ji yadda samarin Maraɗi ke yi a wurin biki, suna ɗaukar ƴan matan mutane daga bayan mota suna rabawa a waya. Ranar da na ji sunanka a ciki, ka nemi wata sana'a.

To, ga abin da ya sa na ce ka karanta har ƙasa.

Ka san a nan mai hoto namiji iyakarsa zaure. Shekara da shekaru hoton amarya da nake samu shi ne a fito da ita bakin ƙofa a lulluɓe, ƙawaye sun daskare kamar an tsai da su gaban kwamishina. Abin da ke faruwa a cikin gida, lalle da guɗa da tsofaffi suna rawa, ban taɓa gani ba. Da Rabi ta gama firamare ta zauna gida, wata rana wasu mata suka ce in ba yarinyar kamarar ta shiga. Na ba ta ƙaramar ba don na sa rai ba. Ka san ƙanwarka, in baƙo ya yi sallama sai a neme ta a bayan rumbu.

(Yaya, na ce wa Baba kada a sa wannan. Ya ce in rubuta.)

Ashe ƙaramar kamar don ita aka yi ta. Allonta yana juyowa sama, sai ta riƙe ta a daidai ciki tana kallon ƙasa, yadda da ma take yi in tana cikin mutane. Kamarar ba ta yin ƙara in an danna. Sai Rabi ta samu lungu ta zauna, dogon idon ya kai mata har zanen lallen da ke hannun amarya, matan su manta da ita su ci gaba da sha'aninsu a tsakar gida inda haske ya wadata. In ta gama ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta nuna musu. Wadda ta ce ba ta so, a gabanta za ta goge. Ban koya mata wannan ba. Ni sai da dattijo ya tako har shagona na koya. Kai kana ganin hotunan nan a shago, kana cewa Rabi ta yi sa'a. Gida nawa za a yi ta yin sa'a?

Ranar da za ka tafi ka roƙe ni babbar, na hana. Na ce ba ka isa riƙe ta ba. Gaskiyar ita ce ban so a wuce shago a ga ƙusar da nake rataye ta ba komai. Sai na juya na ce Rabi ta ɗauko maka ƙaramar. Ta shiga ta ɗauko, ta naɗe ta a ɗankwalinta, ta haɗa da abin caji ta miƙa maka. Ban tambaye ta ba, ita kuma ba mai magana ba ce. Bayan motarku ta tashi innarka ta ce mini, "Malam, kai da aikinka kallon fuskar mutane, ta ɗiyarka ce kaɗai ba ka gani ba."

Na ce mata ta bar ni. Amma ta faɗi gaskiya. Na hana ɗa abin da ya roƙa don girman kai, na karɓe wa ɗiya abin da take aiki da shi don ba ta iya roƙo. In Allah Ya ba ka iyali, ko yaran shago, ka riƙa duba wanda ya yi shiru kafin ka raba kaya. Mai surutu ba ya rasa rabonsa.

Yanzu Hajiya Delu, maƙwabciyarmu, za ta aurar da ɗiyarta, bikin saura kaɗan. Ta zo, ta sake zuwa. Ta ce ba ta yarda namiji ya shiga ba, ba ta yarda a ɗaga waya a tsakar gidanta ba, don ta ga inda hotunan waya ke ƙarewa. Rabi take so. Na ce mata kamarar tana Maraɗi, ta ce Maraɗi ai ba Makka ba ce, mota tana zuwa kullum. Na gwada ba Rabi babbar. Ta ɗauke ta da hannu biyu, kuma tawa tsohuwa ce, dole ka kai ta ido ka fuskanci mutum. Ta gwada a kan innarka. Ƙarar dannawar kawai ta sa innarka ta gyara ɗankwali ta haɗe fuska kamar za a yi mata allura. Rabi ta ajiye ta a hankali ta shiga ɗaki. In ka ba mai shagon nan ƙaramar, ba kamara kaɗai ka bayar ba. Gidajen da suka fara kiran ƙanwarka da sunanta za su daina, ta koma bayan rumbu. Wannan nake so ka gane, kai da kake zancen kujera.

Saboda haka ga abin da na yanke. Direban da ya kawo maka takardar nan yana da kwali a hannunsa. Ka karɓa da hannu biyu, kada ka bari yaran tasha su jefo shi. Babbar ce a ciki, da idonta biyu, gajere da dogo, da batir biyu. Na naɗe ta a tsohon rawanina. Ba aro ba ce, taka ce. Kada ka yi mini godiya mai tsawo a waya, ba na so. Idona ya riga ya sallame ta. Hotunan kati da na yi kwanan baya, mutum ya rufe ido ban gani ba sai da Rabi ta nuna mini. Na daɗe da sanin haka, ina dai rataya ta ne don a gan ni da ita, irin abin da nake yi maka faɗa a kai.

Abin da ka tara ka riƙe abinka. Ka je ka ba mai shagon nan haƙuri da bakinka, kada ka ɓace masa, don ka riga ka ba shi magana. Ka tuna ƙarcen kusurwar sama ta hagu: kada ka sa fuskar mutum a wurin, ka bar wa bango ko sama. Madaurinta ya tsufa, ka kai wa baduku ya ƙara masa ɗinki kafin ka rataya. In za ka hau kabu-kabu ka sa ta a jaka a gabanka, ba a baya ba. Kada ka ba aboki aro, ko wanda ya fi kowa yi maka dariya.

Ƙaramar kuma, ka sa ta a cikin kwalin nan, ka ba direban nan, a wannan juyin. Ba wani juyin ba, ba sai ka zo da Salla ba. Kada ka ce za ka ɗan ƙarasa wani aiki da ita. Na san ka da gobe. Zan sa a kai mini kujera tasha in zauna in jira motar, tun da kujera ce abin nema yanzu.

Ka gaida kawunka, ka yi masa biyayya, kada ka ji haushinsa don ya gaya mini. Ka riƙe salla a kan lokaci, ko ana tsakiyar biki. Allah Ya sa albarka a hannunka da idonka, Ya sa ta yi maka amfani fiye da yadda ta yi mini, Ya kare ka daga ɗaukar abin da za ka ji kunyarsa. Allah Ya tsare fitarka da shigarka, Ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Mahaifinka,
Idi.

Yaya, ni ce Rabi. Baba ya ce in rufe, amma akwai sauran wuri a takardar. Ina gaishe ka. Kafin ya sa babbar a kwali ya daɗe yana goge bayanta da hannun rigarsa. Ya ciro ta ya mayar, ya sake cirowa. Da ya gama ya ce in cire ƙusar daga bango, na ce to, amma ban cire ba. In ƙaramar ta zo a nan zan riƙa rataye ta, don kada ya shigo shago ya ga wurin ba komai. Murfin idonta yana da tsaga, ni na ɗaure shi da jan zare, kada ka kwance. Don Allah kada ka manta da abin caji. Da ɗankwalina.